SHARHI: Yoyon gas ɗin firiza, asarar da masu ƙanƙara a Nguru da Gashuwa ke biya a ɓoye

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a arewacin Jihar Yobe, ƙanƙara kan zama abin wawaso a Nguru da Gashuwa. A 'yan shekarun nan kuma azumin Ramadan ya riƙa faɗowa cikin wannan tsakani, lamarin da ya ƙara wa kasuwar zafi. Masu ruwan leda da zoɓo da kunun aya, masu kifin ƙanƙara, har da kantunan magani, duk jarinsu ya rataya ne a kan firji da firiza. Idan sanyi ya ragu, maganar da aka saba ji daga bakin mai gyara ita ce gas ya ƙare, sai an ƙara.

A nan matsalar take. Gas ɗin sanyi ba ya ƙonewa kamar fetur. Zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu, ya ɗebo zafi daga cikin firiza ya fitar waje, ya sake komawa. Firizar da ba ta da lahani za ta iya shekaru da gas ɗinta na asali. Duk lokacin da ya ragu, to akwai kafar da yake zurarewa, ko a wajen walda, ko inda tsatsa ta ci bututu, ko inda jijjigar hanya ta tsaga shi, ko kuma inda aka soke shi da wuƙa garin ɓamɓaro ƙanƙara. Ƙara gas ba tare da toshe kafar ba ɗiban ruwa ne da rariya.

Kuɗin gas ɗin kuma shi ne ƙaramin ɓangaren asarar. Firizar da gas ya yi wa ƙaranci ba ta kai sanyin da zai sa kwamfiresa ya huta, sai ya yi ta aiki yana zafi har ya ƙone. A garuruwan da wutar lantarki ba ta da tabbas, yawancin wannan aiki da janareto ake yin sa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowace sa'a ta janareto ta ƙara tsada. Mai sana'a zai ga mai na ƙarewa, ƙanƙara ba ta kamawa, kifi na laushi, amma da wuya ya danganta hakan da ƙaramar huda a bayan firiza.

Ko ƙasashen da suka ci gaba ba su tsira ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa babban kanti a can kan yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gas ɗinsa a shekara, abin da ya sa ta ɓullo da shirin GreenChill a 2007 domin kantuna su riƙa binciken yoyo a kai a kai. A can, babban inji guda ke sanyaya kanti baki ɗaya, kamfani guda ke da alhakinsa. A Nguru da Gashuwa kuwa yoyon a warwatse yake cikin ƙananan firizoji da injinan ƙanƙara, da yawansu na hannu ne da aka shigo da su bayan sun tsufa, kuma babu mai lissafin abin da ke fita.

Abin da ke fita ɗin yana da nauyi. Kilo ɗaya na R-404A, wanda ake zuba wa ɗakunan sanyi, yana ɗumama duniya kamar kilo 3,922 na iskar kabon, wato kwatankwacin ƙona lita 1,700 ta fetur. Kilo ɗaya na R-134a daidai yake da kilo 1,430, na R-22 kuma 1,810, ga shi yana cin rufin ozon da ke kare ƙasa daga kaifin hasken rana. Yankin da hamada ke matsowa daga Yusufari da Machina, kuma masunta da manoman fadamar Haɗejiya zuwa Nguru ke rayuwa da abin da damina ta kawo, ba baƙo ba ne ga sakamakon ɗumamar yanayi.

Sai dai abin da zai fara taɓa aljihun ɗan kasuwa shi ne doka. Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Montreal a 1988, ta kuma amince da gyaran da aka yi mata a Kigali a ƙarshen 2018. Bisa jadawalin ƙasashe masu tasowa, an daina shigo da R-12 tun 2010, an rage dangin R-22 da kashi 67.5 cikin ɗari a 2025, za a kusan rufe ƙofarsa a 2030. Dangin R-134a da R-404A kuwa an tsayar da adadinsu a 2024, za a zaftare kashi 10 a 2029, a ci gaba har kashi 80 a 2045. Kayan da ake rage shigowarsu, ake kuma saye da dala, farashinsu sama zai yi, musamman a garuruwan da sai ya biyo ta Legas da Kano kafin ya iso.

Tsada kuma kan buɗe ƙofar jabu da gauraye, araha kuwa ba ta ado. Sababbin firji da yawa na amfani da R-600a ko R-290, waɗanda illarsu ga yanayi kaɗan ce ƙwarai, amma dangin gas ɗin girki ne, suna kamawa da wuta. Mai gyaran da ya saba kunna wutar walda a kan bututun da bai kwashe gas ɗinsa ba, ko ya zuba irin wannan a injin da ba a ƙera dominsa ba, yana jefa kansa da shagon cikin haɗari.

Saboda haka maganar ta dawo kan mai gyara. Kayan gano yoyo ba su da yawa: ruwan sabulu, tukunyar naitirojin ta gwada matsi, famfon zuƙe iska da danshi, ma'auni, da tukunyar tara tsohon gas maimakon a sake shi a iska. Ofishin Ozon na Ƙasa da ke Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ya daɗe yana horar da masu wannan sana'a tare da ƙungiyarsu ta NARAP. Irin wannan horo ya kamata ya isa ƙarshen layin dogo a Nguru, inda yawancin masu gyara a wajen maigida suka koya. Gwamnatin Yobe da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa na iya samar da wurin koyarwa da kayan aikin da masu gyara za su riƙa ara.

Masu firiza ma suna da nasu kason. Su daina sa wuƙa a ƙanƙara, su share ƙurar hunturu daga bayan inji, su rubuta ranar da aka zuba gas. Wanda aka ƙara wa sau biyu a bazara ɗaya ya san akwai huda, kuma haƙƙinsa ne ya ce a nuna masa inda take kafin ya biya na uku.