Wakilin da ba a faɗa mana yadda ake sallamarsa ba

Ranar 5 ga Afrilu da sassafe iyayen yara suka taru a ƙofar lakwal ɗinmu. Wasu sun biya kuɗin kabu-kabu daga bayan gari, wani dattijo ya rufe shagonsa ya zo. Babu taro a ranar. Taron na 4 ga Mayu ne. Dirakta ya rubuta 04/05 yadda muka saba, rana kafin wata. Manhajar da ke kula da shafinmu na Facebook ta karanta shi irin na Amurka, wata kafin rana, ta tsara sanarwa da Faransanci mai daɗi, ta sake ta ba wanda ya duba.

Wannan manhaja ba irin waɗanda muka sani ba ce, da kake rubuta saƙo ka zaɓi lokacin fitarsa. Wakili ce mai ƙirƙirarriyar basira: ka ba ta izinin shiga shafinka, ita ta rubuta, ita ta zaɓi hoto, ita ta wallafa da sunanka. Wani matashi ne ya girka mana ita da kyakkyawar niyya. Bayan abin kunyar nan aka ɗora mini karanta littafin bayaninta, don ni ne mai ɗan Ingilishi. Dare uku na yi a kai.

Ni malami ne, na san takardar shirin darasi. A makarantar horon malamai an koya mana cewa darasin da bai hango inda yaro zai yi kuskure ba, bai shiryu ba. Da wannan ma'aunin na auna littafin, kuma ya faɗi.

Shafin farko ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba: danna nan, danna can, cikin mintoci kaɗan ka haɗa shafinka. Hanyar shiga a share take. Ta fita fa? Na nemi inda aka ce ga yadda za ka hana wakilin wallafa komai sai mutum ya amince. Na same shi a layi ɗaya, can ƙasan wani shafi da aka rubuta don masu sarrafa kwamfuta, ba a ma faɗi cewa a kashe yake zuwa ba. Zancen kwanan wata kuwa babu ko kalma. Agogo ma haka: manhajar na bin lokacin UTC, Nijar tana gaba da shi da awa ɗaya, shi ya sa sanarwar ƙarfe 7 take fita ƙarfe 8, yara sun riga sun shiga aji. Hotunan da aka sa don misali na tsohon fasali ne, maɓallan da suke nunawa sun sauya wuri.

Abin da ya fi tayar mini da hankali hotunan ɗalibai ne. Mun ɗora na ranar rabon kyaututtuka, fuskokin ƴan mata da samari a fili. Ina suke zuwa? Har yaushe ake ajiye su? In mun daina aiki da manhajar, ana goge su? Littafin ya tura ni wani dogon shafi na lauyoyi, shi kuma ya dawo da ni littafin. Ƙasarmu tana da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, amma in uba ya tsayar da ni ya ce, “Mushe, hoton ƴata yana hannun wa?” ba ni da amsa.

Wani abokin aiki ya ce wa ke karanta littafin bayani a zamanin nan, a tambayi manhajar kanta mana. Na tambaye ta. Ta amsa da ladabi da cikakken tabbaci, ta kwatanta mini wani maɓalli da babu shi. Ɗan ƙwadago ba shi ke rubuta sharuɗɗan aikinsa ba. Rubutaccen bayani shi ne abin da za ka riƙe kamfani da shi ranar da abu ya lalace, kuma kamfanin da ya kashe ƙarfinsa wajen nuna maka ƙofar shiga ya bar ta fita cikin duhu, ya san abin da yake yi.

Don haka ina roƙon kwamitocin iyaye da diraktoci: kafin a ba kowace manhaja mabuɗin shafin makaranta, a sa mutum ɗaya ya buɗe littafinta a gaban kwamiti, ya nuna da yatsa inda aka rubuta yadda ake tsayar da ita, yadda ake janye izininta, da abin da take yi da hotunan yara. In ya wuce minti 10 yana lalube, a bar ta. Facebook kansa yana ba masu shafi damar tsara lokacin fitar saƙo kyauta, da hannunka kake rubutawa, da idonka kake dubawa.

Mu dai mun janye izinin daga cikin Facebook, don littafin bai nuna mana wata hanya ba. Dattijon mai shago har yau in ya gan ni sai ya tambaya ko taron na yau ne.