Taɓa-ka-biya a Kasuwar Gidigir: Wa Zai Ɗauki Nauyin?

A manyan biranen duniya yanzu mutum kan kai katinsa ko wayarsa kusa da wata 'yar na'ura, ta yi ƙara sau ɗaya, shi ke nan an biya. Sunan fasahar NFC. Kamfanonin Sony da Philips ne suka haɗa kai a kanta a 2002, sannan a 2004 Nokia ta shigo suka kafa ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojinta. Tana aiki a zangon rediyo na megahaz 13.56, kuma ba ta jin kira sai a tazarar da ba ta wuce kimanin santimita 4 ba, wato faɗin yatsu biyu ko uku. Katin ba shi da batir. Na'urar ce ke fitar da ƙarfin maganaɗisu, siririyar wayar da aka naɗe a cikin katin ta tsotsi ɗan lantarkin da zai ishe ta amsawa. Aiki ne na masu basira, kuma ban raina shi ba ko kaɗan.

Abin tambaya shi ne wace cuta aka yi wa wannan magani. Tokyo ta fito da katin Suica a 2001, Landan ta fito da Oyster a 2003, Legas kuma tana da katin Cowry a motocin BRT. A duk waɗannan wurare matsalar ɗaya ce: dubban mutane na son wucewa ta ƙofa guda cikin minti kaɗan, farashi a yanke yake, kuma daƙiƙa biyu da kowane fasinja zai ɓata suna iya zama cunkoso har bakin titi. Daƙiƙa ake saye da wannan fasaha.

To, mu zo Gidigir a Nijar, kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Mirya da Gidimuni ta nufi Gure da Diffa. Ranar kasuwa Manga da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye kan haɗu, da raƙuma da awaki, da dabino da kanwa da rogo daga kwaruruka. Wanda ya taso tun asuba a kan amalanke bai damu da daƙiƙa biyu ba. Ciniki ma da gangan ake jan sa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani, a ja a saki har a kai ga "na sallama", sannan a fitar da la'ada. Miƙa kuɗin shi ne yanki mafi gajarta a duk wannan hidima, kuma shi kaɗai taɓa-ka-biya ke gajartawa.

Kuɗin da za a kashe kafin a kai ga wannan taɓawa kuwa ba kaɗan ba ne. Kati ba ya magana da kati, dole a sami na'urar karɓa, ko babbar waya mai ɗauke da NFC. Ƙananan wayoyin Itel da Tecno masu maɓalli da ke aljihun yawancin mutanen karkara ba su da ita, kuma ko cikin manyan wayoyi masu araha da yawa an cire ta don a rage farashi. Ke nan mai ƙosai da mai fura da mai shayi sai su sayi abin da ya fi jarinsu tsada domin karɓar dala goma ko ashirin. Idan na'urar ta lalace, a ƙasar da rairayi ke shiga ko'ina kuma zafin bazara ke kumbura batir, mai gyaranta yana Damagaram, idan ma an dace.

Sai wuta. Katin ba ya cin caji, amma na'urar tana ci, eriyar kamfanin waya ma tana ci. A Nijar baki ɗaya kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara kuwa abin ya yi ƙasa da haka nesa. Kuma mun ga yadda igiyar take da rauni. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha a lokacin, har da layin da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa ya ciyar da Maradi da Damagaram. Ba a maido ta ba sai a Maris 2024. Cikin waɗancan watanni takardar jika ɗaya ta ci gaba da sayen gero ba tare da ta nemi caji ba. A ƙetaren iyaka an ga ɗaya fuskar a farkon 2023, lokacin canjin naira: takardar kuɗi ta ɓace, aka tura kowa ga taransifa, layuka suka cushe, kuɗi ya fita daga asusun mai saye bai isa ga mai sayarwa ba, masu POS kuma suka riƙa sayar wa mutane kuɗinsu da tsada. Wanda ya fi jin jiki shi ne ɗan ƙauyen da ba shi da asusu.

Akwai kuma kamasho. Jika ɗaya ta takarda za ta zaga hannu ashirin a kasuwa ta fita tana jika ɗaya cur. Kuɗin na'ura kuwa duk inda ya bi sai an gutsura: banki, kamfanin kati, kamfanin waya, da wakilin da zai mayar da shi tsaba idan mutum ya tashi sayen abu a rugar da babu rezo. Kowace gutsura ƙarama ce, amma daga kasuwar ƙauye take fita zuwa Yamai ko ƙasar waje, ba ta dawowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun sata. Daɗin fasahar shi ne ba a buga lambar sirri a ƙananan ciniki, kuma nan ne rauninta yake. Shi ya sa Babban Bankin Najeriya, a ƙa'idojin da ya fitar a 2023, ya ƙayyade naira 15,000 a taɓawa ɗaya da naira 50,000 a yini. Ga ma'aikacin Abuja wannan asara ce da za a iya jurewa. Ga matar da ke saƙa tabarmar kaba, abin da ɓarawo zai kwashe kafin la'asar ya kai guminta na watanni. Kuma ina za ta kai kuka? Rigimar kasuwa a da sarkin kasuwa ko dillali ko shaidu biyu kan raba ta a tsaye. Rigimar kati sai an cike takarda da Faransanci, an biya kuɗin mota zuwa birni, an jira amsar mutumin da bai taɓa ganin ta ba.

Gaskiya ɗaya dole in faɗa: akwai inda katin ke da amfani a irin ƙasarmu, wato rabon tallafi. Ƙungiyoyin agaji a yankin tafkin Chadi, musamman a Borno, sun daɗe suna ba 'yan gudun hijira kati da ake taɓawa a wayar ɗan kasuwa, kuma yana aiki ko babu rezo, sai daga baya a tura lissafin. Yana rage aringizo, yana rage haɗarin yawo da buhun kuɗi a hanya. Amma shi ma da farashinsa. Mai katin ba ta sayayya sai a kantunan da aka zaɓa, don haka ba ta da bakin tayawa, ƙananan 'yan kasuwar da ba a ba na'ura ba kuma sun rasa ciniki. Kafin a ba ta katin an ɗauki sunanta da hotonta, wani lokaci har da zanen yatsunta. A 2017 an gano wata kafa a ɗaya daga cikin irin waɗannan tsare-tsare, wadda ta bar bayanan dubban iyalai masu karɓar agaji a Afirka ta Yamma a buɗe. Mai jin yunwa ba ya iya cewa a'a idan aka nemi yatsansa, kuma wannan ya sa nauyin da ke kan mai nema ya ninka.

Ciwon mutanen Gidigir a harkar kuɗi na nisa ne: ɗan da ke ci-rani a Kano ko Agadas ko Libiya yana son aiko wa gyatumarsa kuɗin hatsi. Wannan kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza suke yi, da kuma kuɗin salula na Airtel da Moov da Zamani, waɗanda ƙaramar waya mai maɓalli ke iya ɗauka. Tun a 2010, lokacin fari, ƙungiyar agaji ta Concern ta gwada tura tallafi ta tsarin kuɗin salula na Zap a ƙauyukan Tawa, aka ga mata sun huta da doguwar tafiya da jiran layi. Idan akwai kuɗin da hukuma ko mai ba da tallafi zai zuba a kwamin ɗin Gidigir, ni dai zan so ya tafi ga eriya a ƙauyukan da ake hawa tudun rairayi neman rezo, da faifan hasken rana na cajin waya, da wakilin da ke da tsabar kuɗi a akwatinsa ranar kasuwa, da rage abin da ake cira idan talaka ya je karɓar aikensa.