Gani ya kori ji

Masu bin wannan shafi sun san inda nake zaune a Lids: ɗaki ɗaya a saman bene, a gidan wani dattijo Bature da matarsa waɗanda 'ya'yansu suka girma suka watse. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne dattijon yana da wani ciwo, ciwon sifika. Ya haura shekara 70, kuma tun yana saurayi yake tara su.

Mu a gida sifika iri biyu muka sani. Akwai lasifikar masallaci, akwai ta masu kiɗan biki wadda ake auna kyanta da yawan unguwannin da ta hana barci. A nan akwai iri na uku, wadda ake kashe mata kuɗin mota don mutum ɗaya ya zauna a kujera ɗaya a falonsa, ya lumshe ido, ya ji kamar makaɗan suna gabansa.

Makon jiya wani kanti ya ba shi aron wasu manyan sifikoki biyu ya gwada a gida, kamar yadda suke yi a nan idan kaya na da tsada. Kowacce ta kai mini kafaɗa, fentinta baƙi mai sheƙi har kana ganin fuskarka a jiki. Kuɗinsu fam 12,000. Ba zan juya muku shi zuwa naira ko sidi ba, kada wani ya yar da waya. Daga fanshonsa kuɗin zai fito. Matar ba ta ce kada ya saya ba, ta dai yi irin shirun nan da duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san fassararsa.

Ya kira ni ne saboda kunne. Sauti iska ce ke kaɗawa, kuma kunnen yaro yana kama tun daga kaɗawa 20 a daƙiƙa har kusan 20,000. Shekaru suna cinye na saman nan a hankali, dattijon kuwa ya san nasa ya tafi. Ga shi ya san karatuna a kan furucin Hausa ne, kullum kunnena na toshe da waya ina sauraron muryoyin mutane.

Daren Juma'a ya kunna mini manyan. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Da ya mayar da waya kan wasu 'yan ƙanana da yake da su tun da, sai na ji kamar an rufe ƙofa tsakanina da mawaƙin. Na ce masa ya saya, babu ko tantama. Sai da na hau sama na kwanta kunya ta kama ni, don na san hanyoyi biyu da aka bi aka yaudare ni, kuma duka biyun an koya mini su a aji.

Ta farko ƙara ce. Sifikoki ba su da ƙarfi ɗaya: idan ka ba biyu wuta daidai, wata za ta fi wata amo, kuma galibi babba ce ke fi. Kunnen ɗan Adam kuwa ba ya jin kaurin sauti da siririnsa sosai idan an rage murya, sai an ƙara suke fitowa. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna wannan. Don haka duk wadda ta ɗan fi ƙara, ko da da ƙyar za ka lura, za ka ji ta fi cika, ta fi tsabta, ka rantse ta fi kyau.

Ta biyu ido ne. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive, masu bincike a kamfanin Harman, sun sa ma'aikatan kamfanin su ba wasu sifikoki maki, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya a bayan labule. Da ana gani, manya masu tsada suka yi nisa. Da aka ja labule, ratar ta ragu ƙwarai. Abin da ya fi ba ni mamaki a binciken shi ne wannan: idan aka canza wa sifika wuri a ɗaki, masu sauraro a bayan labule suna jin bambanci, amma idan suna kallonta makin kusan ba ya motsi. Ido ya riga ya yanke hukunci, kunne sa hannu kawai yake yi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, suna nufin yabon gani. A wannan harka korar ta gaske ce.

Da safe na sauko na janye maganata, na ce a sake, amma bisa sharuɗɗana. Muka ciro labulen taga mai shara-shara muka ɗaura a tsakiyar falo, muka kashe fitilar bayansa muka kunna ta gabansa don kada inuwa ta tona asiri. Muka ɗauki sifika ɗaya daga kowane iri, domin Toole ya nuna aibin sifika ya fi fitowa idan ita kaɗai ce ke magana. Na saka wani sauti mai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, na auna da manhajar waya daga kujerar sauraro, muka yi wa kowacce alama a maɓallin amfilifaya inda ƙararsu ta zo daidai. Matar gidan ce ke canzawa tana rubuta jerin a takarda, kuma na roƙe ta ta tsaya a bayanmu, don fuskarta kaɗai ta isa ta gaya mana lokacin da ta fam 12,000 ke magana. Na kira ƙawata 'yar zangon Kumasi da ke karatun jinya ta zama kunne na uku.

Ga waɗanda suka kara da baƙuwar. Akwai 'yar ƙaramar nan mai suna LS3/5a, girmanta kamar kwalin takalmi. Injiniyoyin BBC ne suka tsara ta a tsakiyar shekarun 1970, don masu aiki a cikin motocin watsa shiri, inda wuri ya yi ƙunci kuma dole su ji muryar mai magana yadda take. Daga baya aka ba kamfanoni irin su Rogers da Spendor da Harbeth izinin ƙera ta, bakunan da ke fitar da sautin kuma na KEF ne. Sai kuma Quad, wadda Peter Walker ya fitar a 1957, shekarar da Sashen Hausa na BBC ya fara magana. Ita ba akwati ba ce. Faffaɗa ce kamar tsohuwar na'urar ɗumama ɗaki, a cikinta akwai wata leda da ta fi gashi siranta, an shimfiɗa ta tsakanin faranti biyu masu huji, wutar lantarki na ja tana turawa. Ledar kusan ba ta da nauyi, shi ya sa take tashi ta tsaya nan take. Ba ta son a ƙure mata murya, kuma sai ka zauna daidai gabanta kake samun daɗinta.

Muka fara da kiɗa. Ƙawata ta kawo wata waƙar Gana ta zamani mai duka a ƙirji, kuma a nan babu gardama: mu uku muka zaɓi lamba ɗaya, ta kuwa zama babbar. Akwai ƙasan sautin da ƙaramar ba ta ma san yana cikin waƙar ba. Kaurin sauti sai an tura iska mai yawa, ƙaramin akwati kuwa ba shi da huhun. Da na saka Ɗan Maraya Jos sai labari ya canza. Kuntigi tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani da aka rufe da fata, duk rayuwarsa tana cikin wannan tsinkar farko da yadda take mutuwa da sauri. Ni da dattijon muka zaɓi Quad ba mu sani ba. Ƙawata ta tsaya a kan babbar. Shata ya ba mu wahala, ba don laifin kalangu ba. Kwafin da nake da shi daga kaset aka ɗauko, kaset ɗin ma kwafin wani ne, kuma sifika mai kyau ba ta rufa wa kowa asiri: duk ukun sun fito mana da shuuu ɗin kaset tsirara. Wanda zai je gwada sifika da tsofaffin waƙoƙinmu na YouTube ya san da wannan.

Har zuwa nan ina da shakka a kan duk abin da muke yi. Ban taɓa zama gaban Ɗan Maraya ba, Allah ya jiƙansa, to da me nake auna cewa wannan ce ta fi kama da shi? Daɗi kawai nake zaɓa. Wanda zai ce sifika ta faɗi gaskiya sai ya san asalin abin da take kwaikwayo, kuma babu sautin da mutum ya sani kamar muryar wanda ya rene shi.

Ina da irin wannan muryar a kwamfutata. Lokacin digirina na biyu na ɗauki mahaifina da na'ura mai kyau, minti 40 yana ba ni labarin fataucinsa a zauren gidanmu a Katsina. Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Na saurari faifan ya fi a ƙirga, amma a kunne, gutsure-gutsure, ina auna tsawon wasali da hawa da saukar murya. Ban taɓa sake shi a ɗaki ba. Na hau sama na ɗauko.

Ku sani, fahimtar magana ba ta buƙatar tsada. Ƙaramar rediyo mai batir biyu tana raba maka kukan yaro da kukar miya, ta raba garin tuwo da garin Kano, ta fitar da ƙ da ɗ yadda ba za ka ruɗe ba. Da ita iyayenmu suka ji duniya. Abin da take zubarwa shi ne mai maganar kansa, faɗin ƙirjinsa da 'yar dishewar da ke maƙogwaronsa.

Lamba ta farko ta ba ni wani mutum mai Hausar Katsina, mai ƙirji kamar sanƙira. Maganar Baba ce, amma jikin ba nasa ba ne, Baba siriri ne. Lamba ta biyu ta fito da zauren: tattabaru, babur da ya wuce, dakan da ake yi a cikin gida, muryar tana shawagi a tsakiyarsu tas, sai dai ta ɗan fi shi sauƙi. Da aka juya lamba ta uku daidai wurin da ya katse labari ya ce, “Uwata, abin naki na ɗauka kuwa?” Sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa kiran sunana ba. Na ji bakina ya ce, “Yana ɗauka, Baba.” A falon Turawa, a Lids, gaban labulen taga. Ƙawata ta kama hannuna ta ce, “Yi haƙuri, 'yar uwa,” alhali ita ce ta fara hawaye. Dattijon bai ji ko kalma ɗaya ba, bai kuma tambaya ba. Ta ukun ita ce ƙaramar BBC.

Da na tsaya a nan da labarin ya fi daɗi: ƙarama ta kayar da babba, talaka ya yi nasara. Amma da muka ɗaga labule sai na ga kuskurena. Saboda girmanta mun tura babbar can kusa da kusurwa, ga shi tana da rami a baya da take fitar da kaurin sauti, ita kuwa ƙaramar a rufe take ruf kuma tana kan ƙafa a fili. Bango yana ƙara wa sifika kauri, kusurwa ta fi. Sannan ɗaki ma yana da tasa muryar. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, falon kuma tsawonsa mita 4 ne, zuwa da dawowa mita 8. Raba ka gani: duk sautin da ke kaɗawa wajen sau 43 a daƙiƙa ɗakin zai kumbura shi, haka ninkinsa, 86 da 129. Muryar Baba, na auna ta da hannuna, tana yawo ne a wajen 110 zuwa 130. Ashe rabin ƙirjin sanƙiran nan falon ne ya ara masa.

Muka jawo ta gaba kamar taku biyu, muka matsar da kujera daga jikin bango, muka sake daidaita ƙara, aka ja labule. Sau shida matar gidan ta canza tsakanin babbar da ƙaramar a kan muryar Baba, tana yi da sauri saboda kunne ba ya riƙe kamannin sauti fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Na dace sau huɗu, na kuskure sau biyu, kuma ko a huɗun ba zan rantse ba. Raina har yanzu yana wajen ƙaramar, amma yanzu na san sunanta da tarihinta, don haka shaidata ta raunana. A kiɗa mai nauyi kuwa babbar ta ƙara nisa, don da aka raba ta da bango dukan ya daina gunji ya zama duka.

Dattijon ya tambaye ni, to me zai yi? Na ce masa abin da na iya shaida ke nan: idan manyan ƙungiyoyin makaɗa zai riƙa ji, sabuwar tana ba shi wani abu da tsofaffinsa biyu ba su da shi, idan kuwa murya ce da kayan kiɗa ɗaya ko biyu, abin da yake nema yana gidansa shekara da shekaru. Ko wannan ƙasan sautin ya kai fam 12,000, shi da matarsa ne suka san nauyin kuɗin. Na ƙara masa da cewa maƙwabcinsa bango ɗaya suka haɗa, kuma kaurin sauti shi ne ke ratsa bango.

Suka shiga kicin suka bar mini falon, na ji sauran minti 40 ɗin har ƙarshe, har inda aka kira la'asar ya ce in kashe. Ranar Litinin motar kantin ta zo ta koma babu kaya, ya roƙi ƙarin mako ɗaya. Matar ta hau tsani ta mayar da labulenta, ta ce idan za a sake, a nemi na wani.