ALBASHI NA TAFIYA A ƘASA, FARASHI NA GUDU A MOTA

Ya kai ɗan'uwa ma'aikaci, ya kai manomi, ya ke 'yar'uwa mai tsintar auduga! In ka iya karatu, to daure ka karanta wannan takarda har ƙarshe. In maƙwabcinka bai iya ba, karanta masa da ƙarfi a majalisa bayan la'asar. Mu dai ba mu zo maka da atamfa ko sabulu ko taliya ba. Lissafi muka zo da shi, irin wanda na koya wa 'yan aji huɗu kafin in ajiye alli, kuma kai ma kana iya yinsa da tsinke a ƙasa.

MU FARA DA LISSAFI

A 2019 aka yanka mafi ƙarancin albashi Naira 30,000. A farkon 2023 litar fetur a farashin gwamnati tana wajen Naira 185. Ke nan albashin wata guda yana sayen lita 160 da 'yan kai. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, nan da nan gidajen mai suka canja farashi. Shi kuwa albashi sai da ya yi wata 14 yana jira. A Yuli 2024 aka sa hannu a kan Naira 70,000, aka yi ta buga ganga wai an ninka wa ma'aikaci albashi fiye da biyu. To, a Oktoba na wannan shekara lita ta kai wajen Naira 1,000. Raba 70,000 da 1,000, nawa ka samu? Lita 70. Daga 160 an dawo 70. Wannan shi ake ce ma ƙari?

Kada ka ce ai kai ba ka da mota. Da me ake kai masararka kasuwar Dandume? Da me injin ban ruwa yake aiki a fadamun Danja? Da me ake niƙa, da me ɗan acaba yake kai matarka asibiti? Duk abin da ya hau mota ya sha fetur ko gas, kuma kai ne mai biya.

Ga wani lissafin. Naira 70,000 a kwana 30 ta kama Naira 2,333 a yini. Magidanci mai mutum 8 a gida, kowa bai tashi da Naira 300 ba. A ciki za a ci, a biya haya, a sayi magani, a sayi littafi. Hukumar ƙididdiga ta gwamnati da kanta ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ba mu muka faɗa ba, su suka faɗa.

BA A TAƁA BA MU DON ALLAH BA

Wasu za su ce ka yi haƙuri, gwamnati uwa ce, za ta duba. Tambayi tsofaffi. A 1945 Turawan mulkin mallaka sun ƙi ƙara kuɗin tsadar rayuwa, wanda ake kira kola, sai da ma'aikatan jirgin ƙasa da sauransu a ƙarƙashin su Michael Imoudu suka ajiye aiki fiye da kwana 40. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ƙungiyar ƙwadago ta NLC a ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta nemi Naira 300. Sai da aka yi yajin aikin gama-gari a watan Mayu sannan aka sami dokar Naira 125. Wannan Naira 125 ta kai wajen dala 200 a canjin lokacin. Naira 70,000 ta 2024 kuwa ko dala 50 ba ta kai ba ranar da aka sa mata hannu. Shekara 43 ana tafiya, ashe da baya ake yi.

Haka aka yi a 2024. An kafa kwamiti na mutum 37 a Janairu. 'Yan ƙwadago suka fara da Naira 615,000, gwamnati ta taya 48,000, kamar mai cinikin akuya. Da ta kai 60,000 sai ta cije. Ran 3 ga Yuni NLC da TUC suka tsayar da ƙasa, aka kashe wutar lantarki, aka rufe filayen jirgin sama. A ranar nan aka nemi su Joe Ajaero da Festus Osifo su koma teburi. Ko bayan an yi doka, malaman firamare na Abuja, a gindin fadar gwamnati, sai da suka shafe fiye da wata 3 suna yajin aiki a 2025 a kan wannan albashi.

Ba a nan kaɗai ba ne. A Amurka akwai wani katafaren gidan wasa, Disneyland, a jihar Kalifoniya, mallakar ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya. Masu shara da masu sayar da tikiti da masu juya lilo a can sun yi ta kukan tsadar haya, har wasu suka ce a mota suke kwana. A Yuli 2024 ƙungiyoyin da ke wakiltar ma'aikata wajen 14,000 suka jefa ƙuri'ar amincewa da yajin aiki. Kafin a fara yajin kamfani ya yarda da dala 24 a awa. Ka ga ɗan jari-hujja halinsa ɗaya ne, ko a Kalifoniya ko a Funtua. Ba ya jin roƙo, amma yana jin tsayawar inji.

RAMIN DA KE CIKIN DOKA

Yanzu ga inda ya shafe mu, mu mutanen Karaɗuwa. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ware wasu mutane ta ce ba da su ba. Ba da wanda yake aiki inda ma'aikata ba su kai 25 ba. Ba da wanda ake biya jinga ko kamasho ba. Ba da mai aikin rabin yini ba. Ba da mai aikin da ke bin lokaci, irin aikin gona, ba. Da aka zo gyara, an taɓa yawan kuɗi, an rage wa'adin sake dubawa daga shekara 5 zuwa 3, amma wannan rami an bar shi a buɗe.

To, ɗan'uwa, ɗaga kai ka dubi Funtua da Malumfashi da Bakori da Kafur da Faskari. Su wa suke aiki? 'Yan ƙwadago masu huɗa da maimai a manyan gonaki. Mata masu tsintar auduga da ɓarar masara. 'Yan dako masu loda tirela a Dandume. Leburorin da ake ɗauka in auduga ta shigo, a sallame su in ta ƙare. Malamai a ƙananan makarantun kuɗi. Yaran shago da yaran mota. Su ne mafi yawa, kuma su ne doka ta juya wa baya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na tsaya a gaban allo na ga yadda aji yake raguwa in kaka ta yi. Ba ƙin karatu ba ne. Abin da uba ya samo a yini ba ya kai gida gobe, dole yaro ya bi shi gona. Ƙarancin ladan ƙwadago shi yake kwashe mana yara daga aji.

INA AUDUGARMU TA TAFI?

Wannan yanki ba matalauci ba ne, talauta shi aka yi. Audugarmu da gyaɗarmu layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka gama a 1929, ya riƙa kwasa ta Funtua. Har yau akwai unguwar da ake kira BCGA, sunan kamfanin Turawan da ya kafa injinan gurza. A 1975 aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da kuɗin Bankin Duniya. A Funtua aka ajiye hedkwatar hukumar cinikin auduga ta ƙasa, har zuwa 1986 da gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin ciniki a ƙarƙashin SAP.

Ba mu ce hukumar nan waliyyiya ce ba. Iyayenmu sun san yadda aka riƙa danne musu sikeli da farashi a fuloti. Amma ana rushe ɗaki ne a gina wani, ba a bar mutum a rana ba. Aka bar manomi a hannun 'yan baranda. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida. Da masaƙa ta mutu, wa zai sayi auduga? Da albashin ma'aikacin masaƙa ya tsaya, wa zai sayi hatsi? Igiya ɗaya ce ta ɗaure manomi da ma'aikaci.

DABARAR RABA KAI

Su kuwa sun san haka, shi ya sa suke shiga tsakani. In ma'aikaci ya yi kukan tsada, sai a nuna masa manomi a ce ga wanda ya tsauwala. In manomi ya yi kuka, sai a ce ai ma'aikata ne suka cinye kuɗin gwamnati. A Yuli 2024 aka ba da sanarwar ɗauke kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da shinkafa da alkama da wake na waje. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, taki kuwa bai biyo shi ba. Manomi ya sayi kamfa da yuriya da tsada, ya sayar da masara da araha. An rarrashi mai albashi da jinin manomi. Wanda ya sayi hatsi da kaka ya kulle a sito, da wanda ya sami lasin shigo da kaya, su ba su yi asara ba.

Za su ce maka ƙarin albashi shi ke kawo tsada, su tuna maka da Udoji, lokacin da aka biya ariyas a 1975 kaya suka tashi. Gaskiya ne an yi haka. Amma a 2023 wane ƙari aka yi wa mafi ƙarancin albashi kafin kaya su tashi? Babu. Cire tallafi da karya Naira su suka fara, albashi daga baya ya biyo yana ɗingishi.

Za su ce babu kuɗi. Tun da aka cire tallafi kason da jihohi suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. A 2023 ɗin nan aka sayo wa 'yan Majalisar Tarayya motocin alfarma, ba a kafa kwamitin mutum 37 ba, ba a yi yajin aiki ba.

Za su ce ƙaramin manomi ba zai iya biya ba. Wannan tambaya ce mai ma'ana. Mai gona kadada biyu da ya ɗauki mutum uku su taya shi noma ba shi muke nufi ba, shi ma gobe yana iya fita ƙwadago. Masu manyan gonaki da kamfanoni da 'yan kwangila muke nufi, masu fakewa da ƙaramin manomi don kada doka ta hau kansu.

ABIN DA JAM'IYYARMU TA TSAYA A KAI

1. A toshe ramin doka. A yanka mafi ƙarancin ladan yini ga leburorin manyan gonaki da injinan gurza da kamfanoni, ko na dindindin ne ko na lokaci.

2. A dawo da kola. Kowace shekara a duba farashin abinci da mai da haya, a ɗaga albashi daidai da shi, ba sai an yi yajin aiki ba.

3. A faɗi mafi ƙarancin farashin auduga da masara tun kafin shuka, gwamnati ta saya in kasuwa ta faɗi ƙasa da shi. Taki ya iso kafin ruwa, ta hannun ƙungiyoyin manoma, ba ta hannun 'yan siyasa ba.

4. Malamin firamare da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ɗan fansho su karɓi haƙƙinsu rana ɗaya da ma'aikacin sakatariya.

5. Duk wanda ya kori ma'aikaci don ya shiga ƙungiya, kotu ta hukunta shi.

6. A tsare gonaki da hanyoyin Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara. Gonar da ba a shiga ba ta biyan kowa lada.

RANAR ƘURI'A

Wa'adin shekara 3 na dokar 2024 zai cika a 2027, shekarar babban zaɓe. A Majalisar Tarayya ake rubuta wannan doka. Ke nan sanatan da ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtua za su tura, da 'yan majalisar wakilai, su za su ce a toshe ramin nan ko a bar shi. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarka, har da namu, tsayar da shi ka tambaye shi abu ɗaya: zai sa 'yan ƙwadagon gona a cikin doka, ko ba zai sa ba? In ya fara kame-kame, ka san amsa.

Za su zo da daddare da Naira 5,000 a ambulan. Raba ta da shekara 4, ba ta kai Naira 4 a yini ba. Nan ne kuɗin da suka yi maka, kai da iyalinka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Nemo katin zaɓenka tun yau. Shiga ƙungiyar sana'arka, in babu ku kafa. Ranar zaɓe ka fita da wuri, ka jefa wa jam'iyyarmu, ka tsaya a rumfa har a ƙirga a gabanka. Ke ma 'yar'uwa, hannun da ya tsinci auduga ya isa ya dangwala.

Ma'aikaci da manomi, tsintsiya maɗaurinki ɗaya! Allah ya ba talaka nasara, amin.