Ciwon Da Ba Ya Fitar Da Jini: A Kula Da Zukatan 'Yan Firamare

Jama'a, a wannan mako ina so mu tattauna a kan wani ciwo wanda ba ya kumbura, ba ya fitar da jini, amma kuwa yana kwantar da ƙananan yaranmu a makarantun firamare fiye da yadda muke tsammani. Ciwon nan shi ne damuwa da firgici da ƙuncin zuciya.

A watan Mayu na 2021 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 100 daga wata makarantar Islamiyya a Tegina ta Jihar Neja, suka tsare su kusan wata uku. A watan Maris na 2024 kuma aka auka wa makarantar Kuriga ta Jihar Kaduna, inda bayan fiye da mako biyu aka sako yara 137. Duk sa'ad da irin wannan ya faru, mukan ga an kai yara asibiti an duba jikinsu, an ɗauke su hoto da manyan gwamnati, kana a miƙa su ga iyayensu. To, madalla. Amma fa ƙafar da ta tsage saboda tafiya a daji takan warke cikin 'yan makonni, alhali abin da yaro ya gani da idonsa yakan daɗe yana bin sa har cikin barci.

Kada mai karatu ya ɗauka sai wanda aka sace kaɗai ke cikin wannan hali. A kusan kowane aji akwai maraya, akwai wanda auren iyayensa ya mutu, akwai wanda aka kone ƙauyensu ya zo gudun hijira, akwai kuma wanda manyan ɗalibai ke ƙwace wa kuɗin tara kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin rabin cututtukan da ke taɓa tunanin mutum sukan soma ne kafin ya wuce shekara 14. Ashe ke nan da yawa daga cikin abin da likitoci ke fama da shi a asibitocin Kware da Barnawa da Yaba, tun a kan bencin firamare ya soma tsiro.

Yaro ɗan shekara bakwai ba ya da kalmomin da zai ce, “Malam, ina cikin damuwa.” Jikinsa da halinsa su ne bakinsa. Sai a ga ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ko ya riƙa kukan ciwon ciki kowace safiya, likita ya duba bai ga kome ba. Wani yakan yi shiru ya daina wasa da tsararsa, wani kuwa ya zama mafaɗaci. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Abin takaici, maimakon a tambayi fuskar, sai a ce yaro ya sangarce ko daƙiƙi ne, a ɗauko bulala. Alhali kuwa mai jin tsoro hankalinsa duka yana kan yadda zai tsira, ba ya da sauran wurin ajiye lissafi ko haɗa baƙi. Duka sai ya ƙara tsoron, tsoro ya ƙara toshe karatun.

A kan takarda dai ba mu da abin kunya. Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, shekara guda bayan an soma shirin ilmin firamare kyauta na UPE, ta yi maganar ba ɗalibai shawara da jagora. Akwai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, da dokar UBE ta 2004, sa'an nan a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa. Amma ku zaga makarantun ƙaramar hukuma ku gani. Manufar ilmi ta ce malami ɗaya ga yara 35, ga shi a birane da yawa aji guda yakan ninka haka har fiye. Malamin da bai gama kiran rajista ba sai rabin darasi ya wuce, yaushe zai lura da yarinyar da ta yi kwana uku ba ta yi dariya ba?

Duk da haka ba a ce sai an jira ƙwararrun likitoci ba, domin ba mu da isassu. Akwai darasi a aikin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya soma wani tsari a Aro kusa da Abeokuta: masu taɓin hankali su zauna a ƙauyuka tare da danginsu, suna zuwa asibiti karɓar magani. Ya nuna wa duniya cewa zama cikin mutanen da suka san ka, suke ƙaunarka, shi ma wani ɓangare ne na magani. In haka ya yi amfani ga manya, ina ga yaro ƙarami?

Saboda haka ga shawarata. Da farko, hukumomin ilmin bai ɗaya na jihohi su zaɓi malami ko malama guda a kowace makaranta, mai haƙuri da riƙon amana, a koya masa gane alamun nan da sanin lokacin da ya kamata a tura yaro asibiti. Na biyu, kwalejojin horon malamai su ba wannan fanni muhimmanci irin wanda suke ba dabarun koyarwa. Na uku, hedimastoci su bar wa yara lokacin wasa da zane da tatsuniya, don ta nan ne yaro kan fitar da abin da bakinsa ya kasa faɗa. Na huɗu, duk yaron da ya dawo daga hannun 'yan bindiga ko sansanin gudun hijira, a riƙa bibiyar halinsa har tsawon watanni, kuma a hana tsararsa yi masa ba'a ko tilasta masa ba da labari.

Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo, bayan tambayar makin jarrabawa ku tambaye shi wa ya yi wasa da shi yau, me kuma ya ɓata masa rai. Ku saurare shi har ya gama. In ya canza hali, ku je ku ga malaminsa tun da wuri, ku kuma ta da maganar a taron iyaye da malamai.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka muka saba faɗa in za mu yi horo. Mu tuna kuma tun yana ɗanyen yake saurin karyewa. Allah ya raya mana zuriya cikin natsuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.