Ba Kullum Ne Laifin Netuwok Ba

Duk wanda ya tashi tsakanin Tambuwal da Kebbe ya san amsar da ake ba mutum idan wani abu ya ƙi buɗewa a waya: netuwok ne. Mun saba da ita har ba ma tuhumarta, kuma da dalili, domin akwai ƙauyukan da sai ka hau tudu kafin kira ya shiga, sannan ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Amma ni dai na dawo daga SIWES da ra'ayin cewa wannan amsa ta zama mafakar ragwanci, musamman a bakinmu mu ɗaliban kwamfuta.

Na yi SIWES ɗina a wani ofishi a Tambuwal mai ma'aikata a ƙauyuka. Suna da sabar imel ta kansu, wata tsohuwar kwamfuta a ƙuryar ɗaki, wadda wani ya haɗa musu ya kama gabansa. A cikinta Postfix ke aika saƙo da karɓa, Dovecot kuma shi ne mai gadin ƙofa, shi ke duba sunanka da kalmar sirrinka kafin ya buɗe maka akwati. Wata rana wani dattijon jami'insu da ke Kebbe ya kasa shiga akwatinsa, ga rahoton wata ana jira. Sau biyu yana hawo babur zuwa Tambuwal da kuɗin mansa, ana ce masa ya koma, netuwok ɗin can ne. Ranar da aka miƙa masa takardar tuhuma, ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da kac ce kana karatun wanga abu, mi ya hana ka duba?" Wallahi kunya ta kama ni, don ni ma abin da nake faɗa ke nan.

Abin da ya fara ba ni haske ƙaramin abu ne: WhatsApp ɗinsa na aiki lafiya lau a Kebben. Layin da ke ɗaukar hoton biki ba zai gaza ɗaukar rubutu layi uku ba. Sai na nemi izinin oga na buɗe fayil ɗin da saba ke rubuta duk abin da ya faru da ita, wanda ake kira log. Ashe tun ranar farko tana faɗin ciwonta, babu mai karantawa.

Matsalar kashi uku ce, kowace ta haifi 'yar uwarta. Sabar na amfani da takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt, wadda kyauta ce amma kwana 90 take yi, sai an sabunta. Da damina tsawa ta ƙona rawutar ofishin, aka sa sabuwa, ba a buɗe ƙofa mai lamba 80 da sabuntawar ke bi ba. Shaida ta mutu shiru. Manhajar imel ta wayar Baba ta ƙi yarda da sabar da shaidarta ta ƙare, ta ce ba ta iya haɗuwa. Su kuwa na ofis ta burauza suke shiga, suna danne gargaɗin da ke fitowa su wuce, don haka a wurinsu komai lafiya.

Da ya kawo kuka, sai wani mai son taimako ya canza masa kalmar sirri. Nan aka ƙara dagula ruwan. Akwai tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka a hannunsa wadda aka saita ta karɓi kowace irin shaida, ita kuma ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa da tsohuwar kalma duk bayan 'yan mintuna. Sabar na da wani ɗan sanda mai suna Fail2ban, wanda a tsarinsa na asali idan ka yi kuskure sau 5 cikin minti 10 yakan tare lambar IP ɗinka na minti 10. Wanda ya haɗa musu ya mai da tarewar ta har abada. Kuma da yake kamfanonin waya kan haɗa mutane da yawa a lambar IP guda, sai wani abokin aikinsa ma ya fara kukan shi ma an rufe shi, alhali bai yi kuskuren komai ba.

Gyaran bai kai awa biyu ba: buɗe ƙofa, sabunta shaida, sake kunna Dovecot, cire lambobin da aka tare, gyara kalmar da ke tsohuwar kwamfuta. Kwana tara mutum na shan rana da zargi a kan aikin awa biyu. Takardar tuhumar kuwa, har na gama SIWES ban ji an janye ta ba.

Na san abin da wasunku za su ce: to me ya kai su, ga Gmail? Gaskiya ina tare da ku rabi. Ofishin da ba shi da tsayayyar wuta, ba shi da mutum guda da aka ce sabar nan amanarka ce, gara ya biya masu yi masa hidimar ya huta. Riƙe saba kamar kiwon doki ne, ba ranar saye ake gane tsadarsa ba. Sai dai kuɗin irin wannan hidima wata-wata ne, kan kowane ma'aikaci, ga naira yadda take, kuma akwai hukumomin da ba sa son wasiƙunsu su kwana a Amurka. Saboda haka sabobin nan ba za su ƙare ba, kuma mu za a kira idan sun tsaya.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke fita daga nan. Muna iya zana matakai bakwai na OSI a jarrabawa, mu ci maki, amma nawa ne a ajinmu suka taɓa buɗe log da idonsu? Ni ban taɓa ba sai da dattijo ya kunyata ni. Kuma abin bai tsaya kan 'yan kwamfuta ba. Rancen NELFUND, rajistar NYSC, neman aiki, duk ta imel suke bi, ga da yawanmu mai kafe ne ya buɗe mana akwatin tun lokacin JAMB, da lambar wayarsa, ba mu ma san kalmar sirrin ba.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai ɗaya ne. Ku nemo mana tsohuwar kwamfuta guda daga cikin waɗanda ƙura ta rufe a sito, a sa mata Linux da Postfix da Dovecot, duk kyauta ne. Kowace Asabar mutum ɗaya ya lalata wani abu da gangan, ya cika faifai, ko ya kashe shaida, ko ya tare lamba, saura su nemo ta hanyar karanta log. Na ɗauki nauyin Asabar ta farko, kuma zan zo da igiyar wuta tawa.