Kirari Ba Ya Tace Yuraniyom

Tun da gwamnatin Nijar ta karɓe kamfanin SOMAIR daga hannun Orano na Faransa a watan Yunin 2025 muke ta guɗa, kamar an ci yaƙi an gama. Karɓar haƙƙi daidai ne, ba mu ja da shi. Waɗanda muke ja da su su ne masu cewa arziki ya riga ya dawo gida. Ramin Arlit ya dawo, gaskiya ne. Ilimin sarrafa abin da ke cikinsa fa, nawa ne a hannunmu?

Dutsen da ake haƙowa a Arlit tun 1971, yuraniyom ɗin cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai an niƙa shi, an jiƙa da asid irin na ruwan batir, an tsamo da sinadarai, an busar, kafin a samu garin nan mai launin ɗorawa. Babban injiniyan sarrafawa ne ke yanke yawan asid da zafin tukunya, da inda za a jibge dusar da ke fitar da tururin guba, da lokacin da za a tsayar da masana'anta ko da shugabanni sun ɓata rai.

Masu kirari za su ce ai 'ya'yan ƙasa ne ke tafiyar da masana'antar Arlit tun da daɗewa. Haka ne, kuma sun cancanci yabo. Amma a garin ɗorawar aikinmu ke tsayawa. Shekara da shekaru a Malvesi, kusa da Narbon, aka riƙa tsarkake shi. A Tirikastan kuma aka riƙa mayar da shi iska, a ɗaga nau'in da ke ba da wuta daga kashi 0.7 zuwa 3 ko 5 cikin 100. Can ƙwarewar take, can ribar take. Mu kuwa, da Najeriya ta yanke mana lantarki a 2023, Yamai ta kwana a duhu, ga yuraniyom a ƙarƙashin ƙasarmu.

Kada kuma a ɗauka aikin na kowa ne. A Tokaimura ta Japan, a 1999, ma'aikata sun kauce wa ƙa'ida, suka riƙa zuba ruwan yuraniyom da bokiti cikin tankin da ba a ƙera don hakan ba. Sinadarin ya kama aiki da kansa, biyu daga cikinsu suka mutu. Idan gajen haƙuri ya yi haka a Japan, me zai yi inda ake naɗa ɗan uwa a kujerar gwani? Ga tsibin dusar da COMINAK ta bari a Akokan da ta rufe a 2021, miliyoyin tan, kusa da gidajen mutane. Injiniya zai kula da shi, mai lasifika ba zai iya ba.

Harsashi muna da shi. Akwai makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai, akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tun 2004. Sai dai babban injiniya ba a naɗa shi da takarda, shekaru yake yi a gindin na gaba da shi. Don haka a biya waɗanda muke da su albashin da zai hana su tafiya, a haɗa kowannensu da matasan da zai horar, a ba su ikon cewa a'a ba tare da an kore su ba. In ba haka ba, mai sayen garin ɗorawa kawai muka sauya.